Rufewar Inna Dije

Shekaranjiya ina ɗora kafaɗar wata rufewa a bayan gari, nan Ƙanƙara, sai ga ku kun tsaya da baburanku kuna kallo. Ɗaya daga cikinku, wani dogo mai hular sanyi a tsakiyar zafin rana, ya ce, "Baba, wai wannan ma sana'a ce? Ai babbar tukunya ce kawai." Kuka kwashe da dariya. Ban tanka ba, don hannuna yana cikin laka, kuma in na tsaya gardama za ta bushe mani. Yau na sami sarari, sai ku gyara zama.

Sunana Lawal, ana ce mani Lawal Magini. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan ina gina rumbun laka, wanda mu a nan muke kira rufewa, tun daga Ƙetare zuwa Faskari har cikin dazukan Sabuwa. Gaskiyarku, tukunya ce. Amma tukunyar da magidanci zai zuba abincin iyalinsa na shekara guda ya juya baya hankali kwance. Akwai wata 'yar ƙarama da na gina wa wata tsohuwa, wadda wata shekara irin dawar ƙauye guda ya rataya a wuyanta. Ku ji labarinta tukuna, in dariyar ta sake zuwa ku yi abarku.

A Ƙetare aka haife ni, kuma tun ina ƙarami laka ce ta ɗauke mani hankali. Sa'o'ina suna harbin ƙadangaru, ni ina bakin kududdufi ina gina shanu da raƙuma. Na sha bulala a kan ɓata riga har mahaifiyata ta gaji ta sa mani ido. Ana nan sai maƙwabcinmu ya kira Baba Sallau ya gina mashi rufewa. Baba Sallau gajere ne, siriri, haƙoransa ja wur da goro, kuma yakan yini bai yi magana goma ba. Abin da ya kama ni shi ne yadda yake fara aiki. Da sassafe zai yi sallama, ya cire hularsa, ya manna kuncinsa a jikin ginin jiya, ya lumshe ido. Wani lokaci ya hau tsani ya ci gaba, wani lokaci kuma ya mayar da hularsa ya yi tafiyarsa ba tare da ya taɓa laka ba. Ni a zatona da iskoki yake shawara. Kwana ashirin ina maƙale a kan katangarmu ina kallonsa, abinci ma sai an jawo ƙafata.

Da ya gama, na zaga bayan ɗakinmu na gina tawa, tsawonta bai wuce gwiwa ba. Ranar da ya zo kwashe kayansa na tare shi da ita a hannu. Ya karɓa, ya juya ta, ya danna babban yatsa sai ga rami. Ya ce, "Ƙasarka ba ta kwana ba." Ya miƙo mani ya wuce. Wallahi ranar nan murna ta kusa kashe ni, don bai ce yaro je ka yi wasa ba, ya yi mani magana irin ta magini da magini. Na matsa wa mahaifina har ya sayi goro ya kai ni gidansa.

Shekara biyu cur ban ɗora ko dunƙule ɗaya a bango ba, ƙafata ce ke aiki. Za mu haƙo jar ƙasa kusa da suri, don ƙasar da gara ta sarrafa ta fi kama jiki. A zuba ruwa, a watsa ramno, wato busasshiyar ciyawar da ke ɗaure laka, ni kuma in shiga in tattake tun hantsi har azahar. Sai a lulluɓe da ganye a bar ta ta kwana bakwai, kullum a buɗe a sake tattakewa, har ta soma wani tsami-tsami kamar kamu. Sannan na gane abin da yake nufi da ƙasa ta kwana. Dugadugaina suka tsattsage, na riƙa cusa masu man kaɗanya. Kayan aikinmu kuwa jaka ɗaya ta ishe su: turke da igiya na zana da'ira, galma, sakainar shafe bango, da wani dutsen rafi mai santsi na gogewa. Tsani a gidan mai aiki muke ara.

Gindi ake fara yi. A jera duwatsu, ɗaya a tsakiya sauran a kewaye, a shimfiɗa itacen ƙirya a kai don gara ba ta son sa, a bar fili a ƙasa inda iska za ta ratsa, kaji su shiga su tsince duk wani ƙwaro. Sai a murɗa laka kamar igiya a riƙa zagayawa da ita, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, kaurin bango bai wuce yatsa uku ba. Ciki ya buɗe, kafaɗa ta rufo, wuya ya tsuke daidai shigar mutum ɗaya. A yini ba a ɗora fiye da taƙi guda da 'yan kai. Washegari sai kunci ya ba da izini. Baba Sallau ya ce tafin hannun magini ya yi kanta, ba ya jin komai, amma kunci yana jin sanyin ruwan da ya ɓuya a cikin bango ko da bayansa ya yi fari fat. In ka ji sanyi, ranar babu gini. Kuma sai da safe ake gwadawa, kafin rana ta taɓa bangon ta rufe gaskiya.

Aikin farko da aka bar ni ni kaɗai a wani ƙauye ne kusa da Faskari, gidan wani Alhaji Mamman, manomi na gaske. Shekarar ya sami dawa har ya rasa inda zai sa ta, ga shi ya makara wajen kirana. Damma suna jibge a gona, shanun makiyaya sun kusa saukowa. Kullum da safe yana tsaye a kaina da carbinsa.

"Lawal, dawata na ƙasa hwa. Ka riƙa ɗora biyu kullum mana, ko sai shanu sun cinye kana nan kana sumbatar bango?"

Matasan gidan suka yi dariya, irin taku ta shekaranjiya. Kunya ta kama ni. Na manna kunci, na ji sanyi ƙarara, na ce wa kaina iskar safiya ce. Aikin kwana ashirin na gama shi a sha ɗaya, aka yi ta yaba mani, ni ma kaina ya kumbura. Aka cika ta har wuya. Kwana uku da cikawa, bayan la'asar, cikinta ya tsage ta zauna a ƙasa. Kaji biyu suka mutu a ƙarƙashi, awakin unguwa suka yi biki, Alhaji Mamman kuwa ya kira ni da sunayen da ba zan maimaita a gabanku ba.

Washegari Baba Sallau ya iso a kan kekensa. Bai gaishe ni ba. Ya ɗauki ɓallin bango, ya karya, ya nuna mani cikinsa baƙi ɗanye, sannan ya manna mani a kunci.

"Mi ka ji?"

"Sanyi, Baba."

"Ran da ka ɗora, ka ji shi?"

Na sunkuyar da kai na ce na ji.

"To kuncinka lahiya lau yake. Kunnenka ne da laihi, shi ya saurari Alhaji."

Na ɗauka kora ta zo. Sai na ga ya naɗe wandonsa har gwiwa ya shiga ramin laka. Mutumin da ake aiko wa da goro daga gari ya gari, ga furfura a gemunsa, ya koma tattakar ƙasa, ya ce ni in hau in gina. Kwana ashirin da biyu yana tattakawa yana miƙo mani, mutanen ƙauye suna zuwa kallo. Ko sau ɗaya bai ce mani ga yadda za ka yi ba. Kullum da safe zai tsaya gefe ya harɗe hannu har in cire hula in manna kunci, in na ce yau babu gini, sai ya juya ya gaya wa Alhaji haka da bakinsa. Na yi kuka a kan tsanin nan ba sau ɗaya ba. Tun daga ranar babu wani mai kuɗi ko mai sarauta da ya sake sa ni ɗora laka a kan sanyi. Rufewar kuwa tana nan tsaye, jikokin Alhaji ke zuba masara a ciki.

Masu ba da aiki iri-iri ne. Akwai wanda ba ya auna gonarsa, rufewar maƙwabcinsa yake aunawa, ya ce a ɗara ta da taƙi uku, alhali abin da yake nomawa ko gindinta ba zai rufe ba. Akwai wanda zai ja ka gefe ya ce a tsuke wuya sosai, don yana da ƙane mai dogon hannu. Akwai wanda zai tsaya yana koya maka gini, shi da ko akurkin kaza bai taɓa yi ba. Mata sun fi sauƙin sha'ani, sun san abin da suke so kuma ba sa mantawa da fura.

Inna Dije tana wani ƙauye da ake kira Unguwar Marke, gaba da Pauwa. Ita ce mai ajiyar irin garin. Wata kaura ce ta gada daga kakar mijinta, dawa mai nauyi, mai jure ƙarancin ruwa, tuwonta in ya kwana ya fi na jiya daɗi. Al'adarsu ita ce, da kaka kowane gida zai zaɓi zangarniyar da ta fi kyau a gonarsa ya kai mata, ita ta adana, in shuka ta zo ta raba wa kowa. Ba mai ajiye iri a gidansa, sun ce a hannunta ya fi albarka. Tsohuwar rufewarta ta gaji, sai ta aiko a gina mata sabuwa.

Wannan shi ne aiki na ƙarshe da muka je tare da Baba Sallau. Lokacin idonsa ya yi rauni, ba ya iya hawa tsani, tabarma aka shimfiɗa mashi a inuwa. Da na kai wuya na ce a kawo jinka, sai ya ce a'a, sai an yi murfin laka tukuna. Ya sa na gina shi kamar kifaffiyar ƙwarya, kaurinsa ninki biyu na bango, na shafe shi da makuba har sau uku, ita da jikin rufewar duka. Makuba ruwan ɓawon ɗorawa ne, in ya kama bango ruwan sama zamewa yake yi. Wannan ya ƙara mana kwana tara. Mazan garin suka soma gunaguni, mai unguwa ya ce, "Baba Sallau, wanga wahala ta mi ce? Ai jinka ta isa, haka muka taras ana yi."

Baba Sallau ya tofar da goro ya ce, "Jinka ciyawa ce. Ni ina gini ne don ranar da babu jinka."

Shekara ta zagayo Allah ya yi mashi rasuwa, Allah ya ji ƙansa. Iyalinsa suka aiko mani da sakainarsa, ga ta nan a aljihuna. Daga nan duk kaka ni ke zuwa Unguwar Marke. Inna Dije ta jera zangarniya tana barbaɗa toka tsakani, ni kuma in ɗora murfi in liƙe bakin da laka, in sake shafa makuba, sannan a mayar da jinka. Shekara goma sha wani abu ina yin haka, wasu suna mani dariya suna cewa gadon wahala na ci.

Sai mummunar shekarar nan ta zo, ba sai na ba ku labarin 'yan bindiga ba, a idonku aka yi. Ƙauyuka suka watse. Hanyar Sabuwa, wadda dama sai a hankali, ta gagari bi. Wa zai gina rufewa, alhali ganinta daga nesa shi ke gaya wa mugu akwai hatsi a gidan? Wanda ya samu ya noma sai ya ɗure a buhu ya gudo da shi gari. Aiki ya tsaya mani cak. Ni da ake kira da goro na koma ɗaukar bulo a ƙarƙashin maginan siminti, yara sa'o'in 'ya'yana suna mani tsawa. In na dawo gida da yamma hannuna ya riƙa ƙaiƙayi, sai in kwaɓa 'yar laka in gina ɗakin tattabaru, in rushe, in sake, don kada yatsuna su manta. Duk sanda zuciya ta ce mani sana'ar nan ta mutu, sai in tuna tsohon nan da naɗaɗɗen wando a cikin ramin laka, in ji kunyar yin ƙorafi.

Mutanen Unguwar Marke sun gudo Ƙanƙara mako guda bayan na liƙe rufewar Inna Dije. Da abin da ke jikinsu kawai suka fito. Waɗanda suka saci jiki suka leƙa daga baya sun ce an cinna wa garin wuta, babu jinka ko ɗaya da ta rage. Damina ta sauka, aka ara masu 'yan gonaki a gefen gari, suka shuka irin kasuwa. Ya yi, ba laifi, amma ba nasu ba ne. Ni kuwa duk ranar da aka tafka ruwa, hankalina yana can kan murfin nan da ke tsaye tsirara.

Wata safiya Inna Dije ta zo ƙofar gidana tana dogara sanda. Ta rame, amma bakinta yana nan.

"Lawal, sun ce in manta da irina, wai ya ƙone ko ya ruɓe. Kai ka gina ta, Sallau na zaune. Hwaɗa mani gaskiya, irina na nan?"

In iri ya tafi, ba inda za a samo shi, don duk garin a wuri ɗaya suka tara. Na ce, "Inna, ban sani ba. Amma ban taɓa ɗora mata laka a kan sanyi ba, ko sau ɗaya."

Ta ce, "To ya ishe ni." Ta juya ta tafi.

Sai da wani rani ya zagayo hanya ta ɗan lafa, mazan garin suka yi shawarar komawa kafin ruwa ya sauka. Inna Dije ta ce ƙafarta ƙafarsu, aka ɗora ta a kan babur, ni ma na bi. Mun shiga garin da sanyin safiya. Ɗakuna sun zube, ciyawa ta fito a tsakar gidaje ta bushe, rumbunan kara sun zama toka, manyan rufewoyi kuma ruwa ya shiga ta bakinsu ya narkar da su. A kusurwar gidan Inna Dije sai ga 'yar tawa a tsaye, baƙi ƙirin da hayaƙi, babu jinka, ruwa ya zana mata layi-layi a gefe ɗaya. Masu wuta sun wuce ta, watakila sun raina ƙanƙantarta.

Wani mutum mai suna Sani ya ɗaga gatari ya ce a fasa cikinta kowa ya huta da zullumi. Na riƙe ƙotar. Na cire hulata a gaban kowa, na manna kunci a gabas, na zaga kudu, na zaga yamma, na zaga arewa inda ruwa ya yi zane. Aka kawo kututture na hau, na manna a kan murfi. Rana ba ta taɓa bangon ba tukuna. Na daɗe a haka ido rufe. Ban ji sanyi ba.

Na sa wuƙa na yanke liƙin, muka ɗaga murfi mu huɗu. Ƙamshin toka da dawa ya bugo ni. Na zura hannu na zaro zangarniya, na kaɗe ta, ga ƙwaya cike tana sheƙi, babu ƙwaro babu fumfuna. Mutane suka ɗauki kabbara. Inna Dije ta ɗaga sanda ta ce kowa ya yi shiru, tukuna, wuta tana iya kashe iri ta bar shi da kyansa. Ta murje ƙwaya cikin tafin hannu, ta zuba a wani fasasshen kasko da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta rufe da tsumma. Kwana huɗu muna gyaran ɗakuna, kowa ya wuce sai ya saci kallon kaskon nan. A rana ta huɗu ta yaye tsumman. Tsiro ya cika shi, ya miƙe tsaye kamar allurai, da ƙyar za ka ga wadda ta ƙi. Tsohuwar nan da ke tafiya da sanda ta saki sandar ta rangaɗa guɗa, ni kuwa na zauna a ƙasa na yi dariya har da hawaye. A duk rayuwata ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Ta raba wa kowane gida, aka shuka, Allah ya ba da damina. Da kaka suka dawo mata da zangarniya yadda aka saba, ta sa aka tuƙa tuwon farko aka raba sadaka, ladan ya kai ga Baba Sallau. Mai unguwar da ya ce jinka ta isa shi ya fara zuwa ya ce in gina mashi mai murfi. Labari ya bazu har Faskari da Sabuwa. Yanzu aiki ya fi ƙarfina, sai in ce wa mutum sai baɗi, ya ce ya ji zai jira. Na ajiye bulo, ban kuma sake taɓa shi ba.

Kai kuma mai hular sanyi, tun shekaranjiya na gane ka, fuskar ubanka ce da kai. Sani ne, mai gatarin nan. In ka koma gida ka tambaye shi daga wace tukunya tuwon da ka ci jiya ya fito. In ya gaya maka, ka zo gobe da sassafe kafin rana ta taɓa bango. Ka cire hular nan, kuncinka nake so.